Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙasar Bama da Mulkin da Soja Suka Ba da Aro

Saƙonnin da suka taru a wannan karon galibinsu a kan ƙasa guda suke, wato Bama, wadda ake kira Miyanma. Mun zaɓi guda takwas, mun gajarta wasu don fili ya isa.

Wani mushen tarihi daga unguwar Birni ya rubuto: Ɗalibaina sun tambaye ni ko Bama da Miyanma ƙasa ɗaya ce, da kuma yadda aka yi soja suka daɗe haka a kan mulkinta. Ku taimaka mini da abin da zan faɗa musu a cikin darasi guda.

Mushe, ƙasa ɗaya ce. Sojoji ne suka sauya sunan a 1989, shi ya sa masu adawa da su suka daɗe suna riƙe da tsohon suna don nuna ƙin amincewa. Tana tsakanin Indiya, Bangaladash, Sin, Lawos da Tailan, kuma ƙidayar 2014 ta ba ta mutum sama da miliyan 51. Ƙabilar Bama ita ce kusan kashi biyu cikin uku, tana zaune a tsakiyar ƙasa, a kwarin kogin Irawadi. Sauran ƙabilu, irin su Shan, Karen, Kacin, Cin, Mon da Rakin, suna kewaye da ita ta kan tsaunuka da bakin iyaka. Idan ɗalibai suka riƙe wannan hoton na tsakiya da gefe, rabin darasi ya shiga.

A Fabrairun 1947 Janar Aung San, jagoran neman ƴanci, ya zauna da shugabannin Shan da Kacin da Cin a garin Panglong, ya yi musu alkawarin cin gashin kai idan suka yarda a zama ƙasa guda. Ranar 19 ga Yulin shekarar aka harbe shi tare da ministocinsa suna cikin zama. Ingila ta ba da ƴanci ranar 4 ga Janairu 1948, mai alkawari kuwa yana cikin kabari. A 1949 Karen suka ɗauki makami, wasu suka biyo baya, soja kuma suka shiga ganin kansu a matsayin igiyar da ta ɗaure ƙasar kada ta watse. Da wannan hujjar Janar Ne Win ya kifar da gwamnatin firaminista U Nu ranar 2 ga Maris 1962.

Ne Win ya rufe ƙasar, ya mai da kamfanoni da shaguna na gwamnati, ƙasar da ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa ta talauce. A Satumban 1987 ya soke takardun kuɗi na kiyat 25 da 35 da 75 ba tare da musanya ba, ya fito da na 45 da 90. Mushe, ka ce wa yaran su kwatanta a wayi gari a sanar a rediyo cewa jika biyar da jika goma sun zama takardar banza, kuma babu banki da zai karɓa. Daga nan zanga-zangar 8 ga Agusta 1988 ta samo wuta. Soja suka murƙushe ta, aka kashe dubbai, wasu janar-janar suka karɓi mulki a Satumba. Suka yi zaɓe ranar 27 ga Mayu 1990, jam'iyyar NLD ta ƴar Aung San, wato Aung San Suu Kyi (ana furta shi Su Ci), ta ci kujeru 392 cikin 485. Soja suka ce ba majalisa aka zaɓa ba tukuna, sai an rubuta tsarin mulki. Sai bayan shekara 18, a 2008, aka sami tsarin mulkin.

Wata ɗalibar shari'a a jami'ar Damagaram ta tambaya: Ana cewa tsarin mulkin 2008 tarko ne. Ina son a nuna mini ayoyin da kansu da yadda suke aiki, ba a ce mini "soja sun riƙe iko" kawai ba.

Malama, tambayarki ita ce ƙashin bayan zancen duka, don haka za mu tsaya a kanta.

Fara da yadda aka haife shi. An buɗe taron rubuta shi a 1993 da wakilan da mafi yawansu soja suka zaɓo da hannu, NLD ta fice a 1995, aka dakatar, aka dawo a 2004, aka kammala a 2007. Zaɓen raba gardama aka sa ranar 10 ga Mayu 2008. Mako guda kafin ranar guguwar Nargis ta afka wa bakin kogin Irawadi, mutum kusan 138,000 suka mutu ko suka ɓace. Ba a ɗage zaɓen ba sai a yankunan da ruwa ya ci, can ma da mako biyu kacal, sannan aka sanar cewa kashi 92 cikin 100 sun ce i.

Majalisar ƙasa zaure biyu ce. Na ƙasa yana da kujeru 440, na sama 224, jimla 664. A cikinsu 110 da 56, wato 166, ba a zaɓensu: babban hafsan soja ne yake naɗa su daga cikin hafsoshin da ke bakin aiki, suna shiga da kakinsu, kuma yana iya sauya kowanensu ranar da ya ga dama. Kashi 25 cikin 100 ke nan daidai. Yanzu ki buɗe aya ta 436. Ta ce ba a gyara tsarin mulki sai da ƙuri'ar fiye da kashi 75. Kalmar "fiye" ita ce makullin. Ko da zaɓaɓɓu 498 duka sun haɗa baki, kashi 75 cif suke da shi, sai sun sami soja ko guda ɗaya ya saɓa wa mai gidansa a bainar jama'a. Manyan ayoyi kuma, bayan wannan, sai an kai su zaɓen raba gardama an sami fiye da rabin dukan waɗanda ke cikin rajista. A Maris 2020 NLD ta gwada, ta kawo jerin gyare-gyare har da na rage kujerun soja sannu a hankali, duk masu nauyin suka faɗi.

Sai ma'aikatu uku: tsaro, cikin gida, da harkokin iyaka. Babban hafsa ne yake ba da sunayen ministocinsu, kuma dole su zama sojoji. Ta cikin gida ita ke da ƴan sanda da gidajen kaso, kuma har ƙarshen 2018 ita ke riƙe da hukumar gudanarwa da ta sauka har kan mai unguwa da dagacin ƙauye. A ce a nan perfe da kwamishinan ƴan sanda da mai ba da takardar fili duk suna karɓar umarni daga bariki, shugaban ƙasa yana kallo.

Shugaban ƙasa ma ba jama'a ke zaɓensa kai tsaye ba. Zaɓaɓɓun zauren ƙasa su tsai da mutum ɗaya, na zauren sama ɗaya, sojojin majalisa ɗaya. Majalisa duka ta kaɗa ƙuri'a, wanda ya fi yawa ya zama shugaba, sauran biyun mataimaka. Ke nan ko yaya zaɓe ya kaya, soja suna da mataimakin shugaba. Ki riƙe wannan, zai dawo a amsa ta huɗu. Aya ta 59, sakin layi na shida, ta hana kujerar ga duk wanda mijinsa ko matarsa ko ɗansa yake da takardar wata ƙasa. Mijin Suu Kyi Bature ne ɗan Ingila, ya rasu a 1999, ƴaƴanta biyu ba su da takardar Bama. Tela ya auna ta ne ya ɗinka ayar.

Akwai majalisar tsaro ta ƙasa mai mutum 11: shugaba, mataimaka biyu, kakakin zaure biyu, ministan harkokin waje, babban hafsa, mataimakinsa, da ministocin nan uku. Ki ƙirga na soja: hafsa, mataimakinsa, ministoci uku, mataimakin shugaba ɗaya. Shida cikin 11. Aya ta 20 ta ba rundunar ikon gudanar da al'amuranta ita kaɗai, hukuncin babban hafsa shi ne na ƙarshe a shari'ar soja, aya ta 445 kuma ta hana a tuhumi gwamnatocin soja na baya a kan abin da suka aikata a bakin aiki.

Abin da ba ya cikin takarda shi ne aljihu. Rundunar tana da manyan kamfanoni biyu, MEHL da MEC, masu hannu a banki, giya, taba, tashar jiragen ruwa, layin salula na Mytel, da ma'adinin dutsen ado na Hpakant. Ribar ba ta bi ta gaban majalisa. Sojan da ke da nasa kuɗi ba ya jin tsoron a rage masa kasafi.

Wani ɗan kasuwa a Kasuwar Dole ya ce: To in haka ne, ashe duk abin da aka yi daga 2011 wasan yara ne, ungulu da kan zabo?

A'a, Alhaji, an sami sauyi na gaske, shi ya sa ma mutane suka yarda su mutu a kansa daga baya. Zaɓen 7 ga Nuwamba 2010 kam na jeka-na-yi-ka ne: NLD ta ƙaurace, jam'iyyar tsofaffin hafsoshi USDP ta kwashe kujeru, bayan kwana shida aka saki Suu Kyi, wadda ta yi kusan shekara 15 a tsare a gida. Amma Thein Sein, janar ɗin da ya tuɓe kaki ya zama shugaba a Maris 2011, ya yi abin da ba a zata ba. Ya saki ɗaruruwan fursunonin siyasa, ya dakatar da madatsar ruwan Myitsone da Sin ke ginawa, a 2012 ya soke dokar kai jarida a tace kafin a buga. A zaɓen cike gurbi na Afrilun 2012 NLD ta ci 43 cikin kujeru 44 da ta nema. Kai da kake kasuwa, ga ma'auni: layin salula da a da ake saye sama da dalar Amurka 1,000, a 2014 da kamfanonin Telenor da Ooredoo suka shigo ya dawo kiyat 1,500, bai kai jika guda ba a kuɗinmu.

Abin lura shi ne wa ya buɗe ƙofar, kuma don me. Janar-janar sun gaji da takunkumin Turawa, sun ga Sin ta yi musu yawa a wuya, tsohon shugabansu Than Shwe kuma yana son ya yi ritaya ba tare da wanda ya gaje shi ya juyo kansa ba, kamar yadda ya faru da Ne Win, wanda ya mutu a tsare a gida a 2002. Sai ya raba ikon gida-gida: shugaba daban, kakakin majalisa daban, babban hafsa daban. Ba titi ne ya ƙwaci mulkin ba, mai riga ne ya ba da aro, kayan aro kuwa an san ba ya rufe katara.

Samarin wata fada a Zongo sun aiko: Muna ta gardama a kan shayi. Tunda makullan duka suna hannunsu, me ya kai su juyin mulki a 2021?

Ƴan samari, ku ɗauko biro. Kujeru 664, rinjaye 333 ne. Soja suna da 166 tun kafin a buɗe akwati, don haka jam'iyyarsu USDP tana bukatar 167 kawai cikin 498 da ake zaɓe, kashi ɗaya cikin uku, ta naɗa shugaban ƙasa. NLD kuwa sai ta ci kashi biyu cikin uku. A lissafin masu rubuta tsarin, a ƙasa mai ƙabilu da jam'iyyu barkatai babu wanda zai kai wannan.

Inda suka yi kuskure shi ne salon ƙirga. Kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauke duka, ba irin wanda muka yi a zaɓukanmu na baya na rabon kujerun depite daidai da yawan ƙuri'a ba. A zaɓen 8 ga Nuwamba 2015 USDP ta sami fiye da kwata na ƙuri'u amma kujerunta kimanin 40, NLD ta kwashi 390. Aka hana Suu Kyi shugabanci, sai majalisa ta ƙirƙiro mata muƙamin mai ba ƙasa shawara a Afrilun 2016, sojojin majalisa suka miƙe tsaye don nuna fushi amma ba su da yawan da za su hana doka ta wuce. Lauyan da ake danganta wannan dabarar da shi, U Ko Ni, Musulmi ne masanin tsarin mulki. An harbe shi a filin jirgin Yangon, birni mafi girma a ƙasar, ranar 29 ga Janairu 2017 yana riƙe da jikansa.

Shekara biyar aka yi ana zaman doya da manja. Gwamnatin NLD ba ta taɓa kiran zaman majalisar tsaron nan mai mutum 11 ba, don ta san lissafin. Sai zaɓen 8 ga Nuwamba 2020 ya zo ya fi na baya muni gare su: NLD 396, USDP 33. Babban hafsa Min Aung Hlaing kuma zai cika shekara 65 a Yulin 2021, lokacin ritayarsa, ga ƙarar kisan Rohinja, Musulmin yammacin ƙasar, tana jira a kotunan duniya, hanyar zama shugaba ta farar hula ta toshe. Rundunar ta ce akwai kurakurai na miliyoyin sunaye a rajistar zaɓe. Rajistar tana da aibi, gaskiya ne, an kuma soke zaɓe a wasu yankunan ƙabilu, amma suna biyu a rajista ba ƙuri'a biyu ba ne a akwati, kuma masu sa ido na ciki da waje ba su ga abin da zai juya sakamakon ba.

Ga yadda aka yi aikin. Aya ta 417 ta ce shugaban ƙasa ne kaɗai ke ayyana dokar ta-ɓaci ya miƙa iko ga babban hafsa. Da asubahin 1 ga Fabrairu 2021, ranar da sabuwar majalisa za ta fara zama a birnin Nepido, aka kama shugaba Win Myint da Suu Kyi. Win Myint ya shaida wa kotu daga baya cewa hafsoshi sun nemi ya yi murabus da sunan rashin lafiya, ya ƙi. Sai aka ɗauko mataimakin nan na soja, Myint Swe, aka ce shi ne shugaban riƙo, ya sa hannu. Dokar ta shekara ɗaya ce, da damar ƙarin wata shida sau biyu. Sun ja ta har 31 ga Yulin 2025. Suu Kyi kuwa tuhumar farko da aka yi mata ita ce shigo da oba-oba ba da izini ba. Aka yi ta ɗora wasu har hukuncin ya kai shekara 33, aka rage zuwa 27 a 2023.

Wani malamin tsangaya daga Mirriya ya rubuto: Ni ba na jin tausayin matar nan. A zamaninta aka kori ƴan'uwanmu Musulmi. Wace irin dimokuraɗiyya ce wannan?

Allah gafarta Malam, ba za mu wanke ta ba, amma a raba laifin yadda yake. Tushen yana cikin dokar zama ɗan ƙasa ta 1982, ta zamanin Ne Win, wadda ta ba da cikakken haƙƙi ga ƙabilun da aka ce suna ƙasar kafin 1823. Jerin gwamnati mai ƙabilu 135 babu Rohinja a ciki. An taɓa korarsu zuwa Bangaladash a 1978, aka sake a 1991 zuwa 1992. Abin mamaki, a zaɓen soja na 2010 sun yi zaɓe da farin kati na wucin gadi, har suka sami wakilai a majalisa. A 2015, ana tsakiyar buɗe ƙofa, aka soke katin. NLD ba ta tsai da Musulmi ko ɗaya ba a zaɓen shekarar, don tsoron ƙungiyar Ma Ba Tha ta malaman addinin Buda masu zafin ra'ayi. Salular nan mai araha da muka yaba a sama ita ta kai wa'azin ƙiyayya kowane ƙauye, har kamfanin Facebook ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba.

Ranar 25 ga Agusta 2017 wata ƙungiyar Rohinja mai makamai ta kai hari kan wuraren ƴan sanda kusan 30. Martanin soja shi ne ƙona ƙauyuka, kisa da fyaɗe, mutum fiye da 700,000 suka tsallaka zuwa Bangaladash. Suu Kyi ba ta da ikon ba soja ko ɗan sanda umarni, wannan mun nuna shi a sama. Amma tana da baki, ta ƙi amfani da shi. Gwamnatinta ta hana masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya shiga, a zamaninta aka ɗaure ƴan jaridar Reuters biyu da suka bankaɗo kisan mutum goma a ƙauyen Inn Din. Da Gambiya ta kai ƙara kotun duniya da ke Heg a Nuwamban 2019, da goyon bayan ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC wadda Nijar ke ciki, ita da kanta ta je a Disamba ta kare ƙasar. A ganinmu ta zaci idan ta rufa wa soja asiri za su bar ta ta ci gaba. Bayan wata 14 suka kulle ta.

Wani abu ya motsa bayan juyin mulkin. Da bindigar ta juyo kan ƴan Bama na Yangon da Mandalay, an ga matasa da alluna suna neman gafarar Rohinja, gwamnatin adawa da zaɓaɓɓun da suka tsira suka kafa kuma ta yi alkawari a Yunin 2021 cewa za ta soke dokar 1982. Alkawari ne na wanda bai riƙe mulki ba. A ƙasa kuwa, a 2024 sojojin da suka ce Rohinja ba ƴan ƙasa ba ne sun kwashi samarinsu da ƙarfi suka sa su gaba a yaƙi da mayaƙan Arakan na ƙabilar Rakin, waɗanda su ma ake zarginsu da cin zalin Rohinja.

Wata ma'aikaciyar asibiti daga Sabon Gari ta ce: Na ji likitoci ne suka fara yajin aiki. Me ya hana shi kai ga nasara?

Haka ne, Hajiya, ƴan'uwanki ne suka fara, kwana biyu bayan juyin mulkin. Malaman makaranta, ma'aikatan jirgin ƙasa da na banki suka bi. Kowane dare ƙarfe takwas unguwanni su ɗauki ƙarar tukwane da faranti, abin da a al'adarsu ake yi don korar aljanu. Yajin ya tsai da asibitoci da bankuna, amma bai taɓa jijiyar kuɗin rundunar ba, domin iskar gas da ake tura wa Tailan da Sin ta bututu ba ta bukatar ma'aikata da yawa, kuma da kuɗin waje ake biya. Na biyu, yajin aiki yana cin nasara ne idan soja suka rabu ko suka ƙi harbi. Sojan Bama da iyalinsa a bariki suke zaune, makarantarsu daban, asibitinsu daban, wanda ya gudu ya bar mata da ƴaƴa a hannun kwamanda. Dubbai sun gudu, amma ba a ga bataliya ta juya baki ɗaya ba. Ranar 27 ga Maris 2021, ranar bikin sojoji, an kashe fiye da mutum 100 a yini guda.

Daga nan matasa suka shiga daji wurin mayaƙan ƙabilu neman horo. Zaɓaɓɓun da suka tsira suka kafa gwamnatin haɗin kai ta NUG a Afrilu, suka sanar da rundunar kare jama'a a Mayu. An fara da bindigar farauta irin ta toka, aka kai ga jirage marasa matuƙi masu sakin bam. Sabon abu a nan shi ne yaƙin ya shigo Sagaing da Magwe, cibiyar ƙabilar Bama, inda rundunar ta saba ɗibar kurata. Soja suka koma ga tsohuwar dabararsu ta yanke abu huɗu, abinci, kuɗi, labari da sababbin mayaƙa, wadda a aikace take nufin ƙona ƙauye. Ranar 27 ga Oktoba 2023 ƙungiyoyi uku suka haɗa kai suka buɗe farmaki a arewacin jihar Shan, a Agustan 2024 suka ci garin Lashio, hedikwatar yanki ta farko da rundunar ta taɓa rasawa. Ƙarancin mutane ya sa a Fabrairun 2024 aka tayar da dokar shiga soja dole, maza 18 zuwa 35, mata 18 zuwa 27. Waɗanda suka bar gidajensu sun haura miliyan 3.

Sai dai masu adawar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Kowace ƙungiya tana da yankin da take so, waɗanda ke bakin iyakar Sin kuma ta can suke samun mai da magani da harsashi. Da Sin ta rufe iyaka ta matsa, a Afrilun 2025 aka mayar wa soja Lashio ba tare da harbi ba. Ƙungiyar ƙasashen yankin ta ASEAN ta fitar da matakai biyar tun Afrilun 2021, ba a cika su ba. Zaɓen da soja suka shirya kashi-kashi daga 28 ga Disamba 2025 an yi shi ne babu NLD, wadda aka rusa a Maris 2023, kuma an sanya rabon kujeru daidai da ƙuri'a a wani ɓangare. Kuskuren lissafin 2015 ne ake gyarawa.

Wani tsohon ma'aikacin gwamnati mai ritaya ya tambaya: Mu ma mun yi Taron Ƙasa a 1991. Ina bambancin?

Baba, kai ka ga abin da idonka, mu tuni kawai za mu yi. Taronmu ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin André Salifou, ya ayyana kansa mai cikakken iko, ya bar wa Janar Ali Saibou suna kawai, ƴan ƙwadago da ɗalibai da jam'iyyu suka yi rinjaye a zauren. Na Bama shekara 14 ya yi, soja suka zaɓi wakilai, suka kuma kafa sharaɗi tun farko cewa rundunar za ta riƙe jagorancin siyasa. Namu bai ware wa kaki kujera a majalisa ba. Duk da haka gwamnatin da aka zaɓa a 1993 ba ta cika shekara uku ba, rikicin shugaban ƙasa da firaminista ya buɗe ƙofar 27 ga Janairu 1996. Inda muka yi kama da su shi ne afuwa: tsarin mulkinmu na 1999 ya yafe wa waɗanda suka yi juyin 1996 da na 1999, kamar ayarsu ta 445. Inda muka rabu nesa shi ne yawan rundunoni. Bama tana da ƙungiyoyin ƙabilu masu makamai kusan 20, yarjejeniyar tsagaita wuta ta Oktoban 2015 takwas kawai suka sa mata hannu a lokacin, mafi ƙarfinsu kuma, ta ƙabilar Wa, tana mulkin yankinta da kuɗin Sin a kasuwanninta.

Wata uwa daga Magarya ta aiko: An yi wa ɗana tayin aikin kwamfuta a Tailan ta WhatsApp, albashi mai tsoka, har da kuɗin jirgi. Wani ya ce Bama ake kai su. Gaskiya ne?

Inna, kada ya tafi sai an tantance. Rushewar hukuma a bakin iyakar Bama ta haifar da garuruwan damfara, mafi shahara su ne KK Park da Shwe Kokko kusa da garin Myawaddy na bakin iyakar Tailan, ƙarƙashin gadin mayaƙan da ke ɗasawa da soja. Hanyar kusan iri ɗaya ce: a sauka a Bankok, mota ta ɗauki mutum tafiyar kusan kilomita 500 zuwa garin Mae Sot, a tsallaka ƙaramin kogin Moei da kwale-kwale, a karɓe fasfo da salula. Aikin shi ne yaudarar mutane ta intanet su zuba kuɗi, wanda bai cika adadin da aka yanka masa ba a doke shi ko a sayar da shi ga wani gida, iyaye kuma a nemi fansa. A Fabrairun 2025 Tailan ta yanke wa yankin wuta da mai, aka fito da dubban mutane, cikinsu har da ƴan Habasha da Kenya.

Alamomin da za ki duba: aiki babu takardar kwangila mai sunan kamfani da adireshinsa, an ce ya shiga da bizar yawon buɗe ido za a gyara daga baya, ba a tambayi takardar karatunsa ba sai iya Turanci da saurin buga rubutu, kuma an ce direba zai tarye shi a filin jirgi. Aikin halal a Tailan yana bukatar bizar aiki da ake samu tun kafin a tashi, da izinin aiki da sunan kamfanin a jiki. Ya nemi su turo takardun kamfanin da ake neman waɗannan biyun da su, ya kai wa ofishin ƴan sanda masu kula da fasfo a Damagaram su duba kafin ya karɓi tikiti.